Amsoshin da Kawu Idris ya haddace

Abin da na fara gani da muka shiga shi ne ledojin burodi. Guda shida ne, rataye a ƙusa ɗaya a bayan ƙofa. Tamis ne, mai faɗin nan da ake ci da ful, wato dafaffen wake, da safe. Na can ciki ya bushe ya yi tauri kamar faranti, na waje kuma har lokacin da ɗuminsa. Umma ba ta kula da su ba, hankalinta ya tafi kan tagogin da aka toshe da kwali. Sai daga baya na gane cewa Kawu Idris yakan sauka ya sayo burodi, ya rataye, ya manta, ya sake sauka.

Kawu Idris ƙanin Umma ne. Mu a unguwar Hindawiyya ta Makka muke zaune, a gidan kakana wanda muke kira Jaddi. Kawu kuma shi kaɗai yake a bene na uku na wani gini a unguwar Zahir. Mai gidan motsa jikin da yake wa aiki ne ya kira Jaddi, ya ce kwana uku bai zo ba, da ya zo kuma ya daka wa wani mutum tsawa ba gaira ba dalili. Umma ta ce mu je mu yi masa mako ɗaya. Mun yi tara.

"Yaya, me ya kawo ku da akwati?" Abin da ya fara faɗa ke nan.

"Ganinka ya kawo mu."

"To kun gan ni. Lafiyata ƙalau."

"Lafiyar ce ta sa ka toshe taga kamar mai ɓuya?"

"Rana ce, Yaya. Ranar Makka ba ta da kunya."

Ya yi dariya, Umma ma ta yi. Ni na ga idonsa na hagu yana ƙanƙancewa duk lokacin da ya juyo wajen fitila.

Ina rubuta wannan ne don duk gidan da ke da ɗan'uwan da ya yi sana'ar karo da kai. Mu ba wanda ya gaya mana komai. Shekarata goma sha biyar a lokacin, kuma ni ba mai magana ba ce. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Wannan halin nawa yana cikin abin da ya cuce mu, shi ya sa na fara da faɗinsa.

Makon farko ciwon kai ne kawai muke gani. Yakan ɗaura rigar da ya jiƙa a goshi ya kwanta a ƙasa. Ƙarar cokali a faranti tana sa shi ya cije baki. Ranar Laraba ya yi la'asar sau biyu, na gan shi, ban ce komai ba. Ya tambaye ni ajina nawa da safe, ya sake tambaya da azahar. Amma tsofaffin abubuwa suna nan daram a kansa. In Umma ta fita cefane, na kai masa shayi, yakan ce in zauna, sai ya kama labarin Amurka.

Kafin ya tafi, aikin Hajji yake yi kamar sauran samarin unguwarmu. Yana tura tsofaffi a keken marasa lafiya, yana ɗaukar kayan alhazai a Mina. Ya samu gurbin karatu ya tafi wata jami'a a wani gari mai sanyi, wanda ya ce ba abin da ke kewaye da shi sai gonakin masara. Injiniya ya je zama. Wata rana wani mai horar da 'yan wasa ya gan shi ya goyo firijin abokinsa yana hawa bene da shi, ya bi shi har sama.

"Ban san ƙwallonsu ba, ya binti," in ji shi. Haka yake kirana, wato 'yata. "Ba irin tamu ba ce ta ƙafa. Ita a hannu ake rungume ta, kowa da hular kwano. Na ce wa mutumin ban san doka ko ɗaya ba. Ya ce, ka ga wancan mai riƙe da ƙwallo? Tsayar da shi. Doka ke nan."

Matsayinsa lainbaka ake ce masa. Shi ne mai tsayawa bayan sahun gaba, ya karanta inda mai ƙwallo zai ɓullo, ya tare shi da jikinsa. Shekarar farko ba a sa shi a wasa ba, sai atisaye kawai, manya suna koyon bugu a kansa. A ta biyu ya fara shiga. A ta uku shi ke ba sauran umarni.

"Suna mamaki yadda nake sanin inda hanya za ta buɗe. Na ce musu wanda ya tura tsohuwa a keke cikin cunkoson jifa, mutum goma sha ɗaya ba taro ba ne a wurinsa."

Karatun injiniya bai ƙarasa ba. Lokacin darasi yana cin karo da na atisaye, sai aka ba shi shawarar ya koma wani fanni mai sauƙi. Takardar shaidar tana cikin durowa, ban taɓa ganin ta yi masa amfani ba. Bayan jami'a wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi, ya yi shekara uku. Ranar da suka gama da shi, a cikin baƙar leda aka miƙo masa kayansa. Da kuɗin wasan aka gyara gidan Jaddi, aka sa wa kowane ɗaki na'urar sanyi. Hotonsa da hular kwano yana falon kusan kowane ɗan'uwanmu. Ba wanda ya taɓa kallon wasan daga farko har ƙarshe.

A mako na biyu muka je asibiti. Jaddi ya tuƙa mu a tsohuwar motarsa ta haya. Ni na bar makaranta ranar saboda Umma ba ta karanta takardu da sauri, ni nake ciro lamba a na'ura ina duba allo. Mun zauna tun bayan karin safe har aka kira azahar. Kujerun ƙarfe ne masu sanyi, maza can, mata nan. Da lambarmu ta fito Jaddi ya ce in jira a waje, yara ba sa shiga maganar manya. Ba su yi minti goma ba suka fito.

"Me ya ce?" na tambayi Umma a hankali.

"Ya ce gajiya ce. Ya yi masa tambayoyi, duk ya amsa. Yau wace rana, ina muke, ya cire bakwai-bakwai daga ɗari. Wallahi ni ma da ni aka tambaya da na faɗi."

"Kun gaya masa maganar burodin?"

"Wane burodi?"

Na karɓi takardar maganin daga hannunta. Aka ba mu ƙwayar ciwon kai, aka ce mu dawo bayan mako uku.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Gwaggo Hauwa, maƙwabciyarmu ta Hindawiyya, ita ta fi kowa ƙarfin murya.

"Baki ne, Hajiya. Yaro ya fito a talabijin, duniya ta gan shi, me kike jira?"

"Likita ya ce gajiya ce."

"Likita ya san hassada? Kuma Allah kaɗai ya san abin da suka ba shi ya ci a can."

Ta kawo man habbatus-sauda da zuma, ta ce a haɗa da zamzam. Wani ɗan'uwan Jaddi ya kawo mai ƙaho, aka aske ƙeyar Kawu aka kafa masa kofuna uku. Ni na wanke tawul ɗin. Aka kawo malami ya yi masa ruƙiyya kwana uku. Mutumin kirki ne, a rana ta uku ya ja Jaddi gefe ya ce shi bai ga alamar komai ba, a koma wa likita. Jaddi bai ji daɗi ba, ya ce a nemo wani malamin. Ina gode wa wannan bawan Allah har yau. Ina gode wa Gwaggo Hauwa ma, duk da surutunta, don mako tara tukunyarta ba ta daina zuwa Zahir ba. Amma cikin duk masu zuwan nan ba wanda ya taɓa tambayar Kawu sau nawa aka buge shi a kai. Sukan ce masa, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Su ce alhamdu lillahi, su sha shayi.

Ranar komawa asibiti, a mako na biyar, na zauna a bayan kujerarsa a mota. Ta tsakanin kujerun gaba ina hango hannunsa na hagu. Na ga ya janye hannun jallabiyarsa kaɗan, ya duba, ya mayar. Leɓɓansa suna motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi, sai na matsa na ji.

"Casa'in da uku. Tamanin da shida. Saba'in da tara."

Ya sake janye hannun rigar. Rubutu ne da biro a cikin tsintsiyar hannunsa, ƙanana a jere. Rana, wata, sunan asibiti, sunan unguwa. Ya ɗago, idonmu ya haɗu a madubin gefe. Ya ɗora yatsa a baki, ya ƙifta min ido kamar muna wasa.

Ranar ma ya ci jarrabawar. Umma ta ce da likita ya tambayi yadda yake a gida, Jaddi ne ya riga kowa. "Da sauƙi sosai, doktor. Yana ci, yana sallah." Aka canza masa ƙwaya.

Da la'asar na kai masa shayi, ya ce in rufe ƙofa.

"Kin ga wani abu a mota?"

"E, Kawu."

"Ba ki ga komai ba." Ya yi murmushi. "Zauna in gaya miki. A can, in an buge ka ka faɗi, akwai mutumin da ke jan ka gefen fili ya yi maka tambayoyi. Ina muke, su wa muke wasa da su, lissafo watanni ta baya. In ka kuskure, an cire ka. In an cire ka, wani ya sa rigarka, shi ke nan. Manyanmu suka koya mana. Tun farkon shekara, in ana gwada ka kana lafiya, ka yi a hankali da gangan, don ranar da kanka ya juye kada a ga bambanci. Sauran kuma ka haddace. Na taɓa amsa duka daidai alhali ina ganin mutumin biyu."

"Sau nawa, Kawu?"

"Wanda na suma? Huɗu. Ko biyar. Ƙananan ba a ƙirga su, wannan kullum ne. Sai ka ji kamar an kaɗa ƙararrawa, ka girgiza kai, ka koma sahu."

"Amma wannan likitan ba zai cire ka daga komai ba."

Murmushin ya tafi. "Zai karɓe mukullin motata. Zai rubuta takarda, aikina ya tafi. A mayar da ni Hindawiyya a zaunar da ni a ƙofar gida, yara suna nuna ni. Ni ban taɓa fita daga fili da ƙafata ba, ya binti. Ki yi min alƙawari."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki kofin na fita. Shi ya ɗauki shirun a matsayin alƙawari, ni ma haka na riƙe shi. Sau uku na buɗe baki zan gaya wa Umma, muna wanke-wanke, sai in fasa.

Mako na shida ya fita da mota zai je wurin aiki, ya dawo bayan awa huɗu, ya ce an canza hanyoyi. Ya bar gas a kunne sau biyu, ni na kashe. Ya zagi mai kawo ruwa, mutumin da yake ba shi dabino kullum.

Ranar Asabar ta mako na bakwai, da hantsi, yana tsaye a bakin ƙofar kicin yana kallon bango. Umma ta fito daga ɗaki da sauri, da tire a hannu, ta gefensa na hagu. Ina zaune a ƙasa ina guga, komai a idona ya faru. Bai juya ya dube ta ba. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, kafaɗarsa ta sauka, ya banke ta. Umma ta bugu da ƙarfen ƙofa. Na ji ƙarar hannunta kafin in ji ta kofuna.

Ya tsaya a kanta yana haki. Sai ya koma ɗaki ya rufe.

A sashen gaggawa wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sudan ta riƙe kan Umma a ƙirjinta lokacin da ake jan ƙashin. Allah ya saka mata. Ita ce ta tambaya yadda aka yi.

"Santsi ne, a banɗaki," in ji Jaddi.

Matar ta dubi Umma, Umma ta gyaɗa kai. Ta dube ni. Na dubi takalmina.

Da muka dawo Kawu yana falo ya share fasassun kofunan tas. Ya ga farar filasta a hannun Umma, ya miƙe zumbur.

"Subhanallahi! Yaya, wa ya yi miki haka?"

Umma ta kawar da kai. "Faɗuwa na yi, Idi."

"Ki riƙa kula mana. Kin girma fa." Ya kawo mata matashi, ya gyara mata zama, yana ta yi mata sannu.

A mota kuwa Jaddi ya riga ya gama magana. "Abin da ya faru a gida ya tsaya a gida. Ɗana ba mahaukaci ba ne. In aka rubuta masa wannan a takarda, ya bi shi har kabari."

Bari in faɗi inda muke yanzu, kafin in faɗi ranar ƙarshe. An tura Kawu wajen likitan ƙwaƙwalwa a Jidda, an ɗauki hoton kansa, an yi masa gwajin da ya ɗauki yini guda, wanda ba ya haddatuwa. Maganar likitan da ta zauna min ita ce, "Ba bugu ɗaya ba ne, taruwa suka yi." Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa wanda ya rage, kuma da an faɗa da wuri da an rage wahala. Duk abin da Kawu ya ji tsoro ya faru. An karɓi mukullin, aikin ya tafi, yana Hindawiyya. Da sabon magani fushin ya ragu, ciwon kan ma haka, kuma mun koyi kada a zo masa ta gefe. Hannun Umma ya haɗe a karkace, ba ta iya murɗa murfin kwalba. Jaddi ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Har yau in baƙi sun zo yakan ce Idris yana hutawa ne. Jami'ar da ta cika filinta da shi, da ƙungiyar da ta saye shi, ba wanda ya taɓa bugo waya. Hotunan suna nan a falon dangi.

In naku ya ce da sauƙi, kada ku tsaya a bakinsa. Ku duba kicin ɗinsa, ku duba hannun rigarsa. Kuma ku shiga da wanda yake wuni da shi, ko da yarinya ce.

A mako na tara ne muka koma karo na uku. Wannan karon na shiga, ba don an ga ya dace ba, sai don Umma ba ta iya riƙe fayil da jaka da hannu ɗaya. Na tsaya a bayan kujerarta, jikin bango. Likitan mutum ne mai furfura a gemu, da ganinsa ya gaji, yana magana yana danna kwamfuta.

"Yau wace rana, ya Idris?"

Kawu ya gyara hannun rigarsa kamar mai jin zafi. "Litinin."

"Muna ina?"

Ya faɗa, har da bene.

"Cire bakwai daga ɗari, ka ci gaba."

Ya zubo su ba tangarɗa. Jaddi ya jingina da kujera yana murmushi.

"Ma sha Allah," in ji likita. "A gida fa?"

"Alhamdu lillahi, doktor," in ji Jaddi. "Sauƙi sai ƙaruwa yake."

Likitan ya dubi filastar Umma. "Ke kuma, sannu, me ya same ki?"

"Santsi," in ji Jaddi.

"To. Mu ci gaba da wannan maganin, ku dawo bayan wata uku."

Wata uku. Na dubi wuyan Umma, siriri, da gyalenta ya zame. Na tuna ƙarfen ƙofar nan, da tazarar da ke tsakanin inda hannunta ya bugu da inda kanta yake. Na so in faɗi maganar rubutun, amma na san Kawu zai yi dariya ya ce tunatarwa ce kawai, Jaddi ya ce yarinya ce. Sai an tambaye shi abin da bai shirya ba. A nan na tuna cewa da, in ya bugo waya daga Amurka, yakan ja sunana har sai Umma ta ce ya isa. Tun ranar da muka shigo da akwati kuwa, mako tara, ban ji shi a bakinsa ba ko sau ɗaya.

Likita ya miƙo takarda. Jaddi ya miƙe. Na ji muryata ta fito, ƙarama, kamar ba tawa ba.

"Doktor."

Duk suka juyo.

"Ke, Safiyya," in ji Umma can ƙasa-ƙasa, ta yadda ni kaɗai na ji. Jaddi ya zuba min ido. Kawu kuwa murmushi yake min, irin na ranar mota.

"Na'am, ya binti?" in ji likitan.

Na ƙanƙame fayil ɗin a ƙirjina. Ban dubi kowa ba sai shi.

"Don Allah, kafin mu tafi, ka tambaye shi sunana."